Littafi a Hannu, Inji a Kulle: Yadda Aka Sha Wuyar Koyon Yaren Kwamfuta

Makon nan tarihi za mu taɓa, amma ba na sarauta ko na yaƙi ba. Tarihin ɗalibin da ya ɗaura niyyar koyon yaren kwamfuta ne, watau yaren da ake rubuta manhaja da shi. Abu biyu yake nema tun ranar farko: littafin da zai bayyana masa ƙa'idojin yaren, da wurin da zai gwada abin da ya karanta. An daɗe ƙwarai kafin abubuwan nan biyu su haɗu a hannun mai ƙaramin ƙarfi.

A watan Oktoba na 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da littafin jagora na yaren Fortran, wanda John Backus da abokan aikinsa suka ƙirƙiro. Amma manhajar da ke fassara yaren zuwa abin da inji ke ganewa, mu kira ta tafinta, ba ta iso ba sai Afrilun 1957. Wata shida ke nan mutane na karanta yaren da ba su da halin gwadawa. Ko bayan isowarta, kwamfutar IBM 704 ɗaki guda take cikawa, sai manyan kamfanoni da jami'o'i da hukumomi. Mutum zai huda katuna, kowane kati layi ɗaya, ya miƙa wa mai kula da injin, ya dawo bayan sa'o'i ko kashegari. Waƙafi ɗaya ya kauce, wuni ya tafi a banza.

Wannan wahala ce ta sa John Kemeny da Thomas Kurtz na Kwalejin Dartmouth suka fito da BASIC a 1964, tare da tsarin da ɗalibai da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Ka buga, ta amsa maka nan take. Sai dai da ƙananan kwamfutoci suka fara shiga gidaje, maganar kuɗi ta taso. Bill Gates da Paul Allen sun rubuta wa na'urar Altair nata BASIC a 1975, masu sha'awa suka yi ta kwafarsa suna raba wa juna. A farkon 1976 Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kiran abin sata. Yana da hujjarsa, don guminsa ne. Su ma suna da tasu, domin biyan kuɗi mai yawa a kan abin da ba ka taɓa gwadawa ba cinikin biri a sama ne.

A nan zan ɗan daɗe, tunda zauren marubuta ne. A 1978 aka buga littafin The C Programming Language na Brian Kernighan da Dennis Ritchie, ma'aikatan Bell Labs. Ritchie ne ya ƙirƙiro yaren C, shi ya rubuta sashen ƙa'idoji da ke ƙarshen littafin. Kernighan kuwa alƙalami ya kawo, shi ya tsara babukan koyarwa. Littafin bai kai shafi 250 ba. Bai buɗe da doguwar shimfiɗa a kan darajar yaren ba. Tun a babin farko ya ba mai karatu 'yan layuka da za su sa inji ya buga gajeriyar gaisuwa, ya ce masa je ka gwada. Daga nan kusan duk littafin koyon yaren kwamfuta da wannan gaisuwa yake farawa. Kuma har zuwa 1989, lokacin da hukumar ANSI ta fitar da ƙa'ida a hukumance, wannan ɗan siririn littafi shi ne alƙali in gardama ta tashi a kan C. A ganina rabin ɗaukakar yaren daga iya rubutun Kernighan ta fito. Amma fa a 1978 wanda ya sayi littafin, in ba a jami'a ko kamfani mai tsarin Unix yake ba, sai dai ya rubuta darasinsa a takarda ya zuba masa ido.

Shekarun 1980 ne suka sassauta. BBC Micro ta fito a Birtaniya a 1981, ZX Spectrum da Commodore 64 suka biyo a 1982. Kana kunna su BASIC ne zai tarbe ka, littafinsa kuma yana cikin kwalin. Mujallu na buga manhajoji layi-layi, yara na kwafa da hannu. A 1983 kamfanin Borland ya fitar da Turbo Pascal, aikin Anders Hejlsberg, a kan dala 49.95, alhali takwarorinsa ɗaruruwan daloli ake sayar da su. A daidai lokacin ne kuma wasu, irin su Andrew Fluegelman mai manhajar PC-Talk, suka kawo dabarar da 'yan kasuwarmu suka daɗe da sani, ɗanɗano: karɓi ka gwada, in ta yi maka ka aiko da kuɗi. Samfurin gwaji na kwana 30 da kamfanoni ke bayarwa a yau jikan wannan dabara ne.

Wasu kuma suka ce ai bai kamata a yi maganar ɗanɗano ba, a ba da tukunyar gaba ɗaya. Richard Stallman ya saki tafintan GCC kyauta a 1987. A Fabrairun 1991 Guido van Rossum, daga wata cibiyar bincike a Amsterdam ta ƙasar Holan, ya saki Python. Yau yaren da kundin bayaninsa duka suna shafinsa na intanet, ba ko sisi, kuma ana iya sauke kundin a ajiye a waya, abin da ke da amfani ga wanda datarsa a ƙirge take. Masu aikin sa-kai sun fassara shi zuwa Faransanci da Sifaniyanci da Japananci da wasu harsuna. Bahaushe dai ta Turanci ko Faransanci yake bi, kuma wannan fili ne da marubutanmu ba su nome ba tukuna.

Da ƙofa ta buɗe sai wata matsalar ta shigo, ta tsufan littafi. Python 3 ya fito a Disambar 2008 da sauye-sauyen da suka saɓa wa Python 2, aka kuma daina kula da na biyun ranar 1 ga Janairun 2020. Amma tsofaffin darussa na nan birjik a intanet, ana ta tura su a WhatsApp. A Python 2 kana iya rubuta umarnin print ba tare da baka biyu ba, a Python 3 dole ka saka su. Ɗalibin da ya sauke sabon yare ya haɗa da tsohon littafi, a layin farko na gaisuwar nan injin zai ce masa ya yi kuskure, shi kuwa ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Lambar fitowar da ke saman kundin bayani ita ce abin dubawa kafin a karanta ko shafi ɗaya, a gwama ta da lambar yaren da aka sauke.