Yadda Takarda Ta Buɗe Ƙofar Kurkuku

A cikin shekarar 1961 akwai wani lauya a birnin London, a ƙasar Ingila, sunansa Peter Benenson. Abin da ya dame shi shi ne mutanen da a ke ɗaurewa a ƙasashe dabam dabam, ba su yi sata ba, ba su yi kisa ba, sai don addininsu ko ra'ayinsu ya saɓa da na masu mulki. Ran 28 ga watan Mayu ya buga kira a cikin jaridar Observer, ya roƙi jama'a su tuna da waɗannan fursunoni. Daga nan ne ƙungiyar Amnesty International ta samo asali.

To, a farkon zamaninta, ƙarfin wannan ƙungiya ba a babban ofishi ya ke ba, yana ga ƙananan kwamitocin unguwa. Malaman makaranta da akawuna da matan aure su kan taru a gidan ɗayansu, ba a biyan kowa ko anini. A wancan lokaci a kan ba kowane kwamiti fursunoni uku: ɗaya daga ƙasashen Kwaminis, ɗaya daga ƙasashen Yamma, ɗaya daga sauran ƙasashe, don kada a ce sun yi son kai. A lokacin ba a ba su ɗan ƙasarsu. Sharaɗi kuwa, sai wanda bai ɗauki makami ba, bai kuma ce a ɗauka ba.

Aikinsu rubuta takardu ne cikin ladabi zuwa ga ministoci da jakadu, yau da gobe, ba fasawa. Kuɗin kan sarki da na taimakon iyalin fursuna, su ke tarawa da kansu, ta hanyar karo-karo da sayar da tsofaffin tufafi da littattafai, gama wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sannu a hankali abin ya bazu. A 1977 aka ba ƙungiyar lambar Nobel ta zaman lafiya. Har mutanen Nijeriya ta tsaya wa, kamar mawaƙin nan Fela Kuti, wanda aka ɗaure a 1984, aka sake shi a 1986.

Ba kowace takarda ce ta fid da mutum ba. Amma mai tsaron kurkuku, in ya san ana ƙirga kwanakin fursunansa a wata ƙasa, ya kan sassauta hannu. Ka ga ashe wanda ya iya rubutu ya sami abin taimakon ɗan'uwansa.