Haƙƙin yara masu buƙata ta musamman a makarantun akademi na Ingila

Akademi makaranta ce a Ingila da gwamnatin tsakiya ke ba kuɗi kai tsaye, ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Cin gashin kan nan bai ba ta damar korar mai lalura daga bakin ƙofa ba. A Dokar Yara da Iyalai ta 2014, muddin aka rubuta sunan akademi a takardar shirin ilimi, lafiya da kulawar yaro, dole ta karɓe shi. Ƙaramar hukuma ke shirya takardar cikin mako 20, wa'adin da sau da yawa akan wuce. Dokar Daidaito ta 2010 kuma ta wajabta sauƙaƙa wa naƙasasshe, kamar buga wa mai raunin gani darasi da manyan haruffa. Iyayen da ba su gamsu ba kan kai ƙara kotu ta musamman.