Baitulmali Kafin Takobi: Yadda Gidan Ibn Ɗulun Ya Mallaki Masar

Lokacin da Ahmad bn Ɗulun ya shiga Fusɗaɗ a shekarar 868, wakilin gwamna ne kawai, ɗan wani bawa Baturke, wanda ya taso cikin sojojin Samarra. An damƙa masa rundunar gari, amma makullin baitulmali yana hannun wani. Da gangan Abbasiyawa suke haka: gwamna daban, mai karɓar haraji daban, kowa na sa wa ɗan'uwansa ido. Mai harajin Masar a lokacin shi ne Ibn al-Mudabbir, wanda ya ɗora wa talakawa kuɗin kiwo da na kamun kifi, har kanwar da ake haƙowa ya mayar ta hukuma. Wajen shekara huɗu suna kai ruwa rana kafin Ibn Ɗulun ya sa a kawar da shi. A ganina ranar nan aka kafa daularsa, domin daga nan ne dukiyar Nilu ta fara kwana a Masar. Da ita ya sayi bayi Turkawa da baƙaƙen fata ya haɗa runduna tasa ta kansa, ya gina sabon birni, al-Ƙaɗa'i, da asibiti, da masallacin da aka kammala a 879, wanda har yau yake tsaye a Alƙahira.

Wani zai ce sa'a ce kurum, tunda daga 869 zuwa 883 tawayen Zanj a fadamun Basra ya ɗaure hannun al-Muwaffaƙ, ɗan'uwan halifa kuma mai riƙe da ragamar mulki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai al-Muwaffaƙ bai naɗe hannu ba. A 877 ya tura Musa bn Buga ya ƙwato Masar. Rundunar ta isa Raƙƙa ta yi watanni a zaune, babu albashi, ta watse ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Shekara na zagayowa Ibn Ɗulun, wanda sojansa ke karɓar haƙƙinsu, ya ci Sham. Tawayen ya buɗe ƙofa, amma mai guzuri ne ya shige. Kuma bai taɓa cire sunan halifa daga dinarinsa ba, ƙara nasa ya yi a kai, alamar harajin ne ya dame shi, ba laƙabin ba.

Faɗuwar gidan ma ta wannan hanya ta biyo. Ibn Ɗulun ya rasu a 884 ya bar taska cike. Ɗansa Khumarawaihi jarumi ne, shi ya tilasta wa Abbasiyawa amincewa da mulkin gidan na shekara talatin a 886, amma hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Kayan ɗakin 'yarsa Ƙaɗrun Nada, da ya aurar wa Halifa al-Mu'utadid, sun zama abin labari, sun kuma rarake baitulmali. Bayinsa suka kashe shi a Dimashƙa a 896, 'ya'yansa matasa suka gaji sojojin da ba su iya biya. Da Muhammad bn Sulaiman ya taso da rundunar halifa, manyan kwamandojin gidan suka koma bayansa, ya shiga Fusɗaɗ a 905 ya ƙone al-Ƙaɗa'i.