Asalin Garin Tamanhint

Idan mutum ya bar Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, ya yi arewa maso gabas, kamar tafiyar kilomita 30 zai iske wani ɗan gari cikin dabino, ana ce masa Tamanhint. Shi da Samnu da Zigan a jere suke bisa tsohuwar hanyar Tarabulus.

To, me ya zaunar da mutane a inda akan shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba? Masana ƙasa sun ce a da can kwarin Fazzan wani makeken tafki ne, ya cika ya ƙafe, ya sake cika, cikin shekaru dubu ɗaruruwa. Shaidarsa na nan har yau: farin dutse shimfiɗe a kan tuddai, wani wurin ma da ɓawon katantanwa a jikinsa. Irinsa ne ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti. Tafki ya tafi, amma ruwan daminar wancan zamani ya nutse cikin dutsen yashi da ke can ƙasa, ya kwanta. Inda ƙasa ta yi kwari sai ya matso kusa, mai haƙa ya same shi ba da wahala ba. Nan aka gina rijiya, aka dasa dabino, jaki na jan guga ana ban ruwan alkama da sha'ir.

Rijiya ta kira ayari. Fatake sukan taso daga Tarabulus, su bi ta Sokna, su ratso wannan jerin garuruwa zuwa Murzuk. Daga can wasu su yi Bilma da Barno, wasu su bi Gat da Agadas, su sauka Katsina ko Kano. A komowa raƙuma na ɗauke da turkuɗi da kirgi, a bayansu kuma bayin Allah da aka rabo da gidajensu, da yawansu a hanya suka mutu. Ta wannan jerin garuruwa Baturen nan Kilafatan ya bi a 1822, kafin ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824.

A 1943 sojojin Faransa na Janar Leclerc suka hauro daga Cadi, suka kori Italiyawa, suka riƙe Fazzan har Libiya ta sami 'yanci a 1951. Daga baya aka yi sansanin jiragen yaƙi a gefen garin, wanda aka yi ta ƙwace bayan faɗuwar Gaddafi.

Yanzu inji ke jan ruwan maimakon jaki, kuma abin da ake zuƙa a Fazzan ya fi ƙarfin ɗan abin da sama ke mayarwa.