Makarantar Fada da Mu 'Yan Hausari: Mu Kwance Ƙunshin Kafin Mu Sa Farashi

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowar wata gardama ce da ta tashi a ƙofar masallacinmu bayan isha'i, ta biyo mu har rumfa a Kasuwar Monday. Wani ɗan uwanmu mai sayar da atamfa ya cire 'yarsa daga makarantar da take, ya kai ta sakandaren 'yan Katolika a cikin garin nan. Wasu suka ce ya musanya imanin yarinya da takardar jarrabawa. Shi kuma ya ce shekara uku yana biyan kuɗi a inda take da, amma ko wasiƙa ba ta iya rubutawa. Aka juyo kanmu, wai tunda mukan ja salla in liman ba ya nan, mu raba gardama. To, mu dai ba muftai ba ne. Karatunmu na Islamiyya ne, sana'armu saye da sayarwa. Amma ɗan kasuwa ba ya sa wa kaya farashi sai ya kwance ƙunshi ya duba. Shi ya sa muka ce bari mu fara bin asalin waɗannan makarantu tukuna.

Neman shigowar Katolika ƙasar Borno ba yau ya fara ba. A 1710 wasu fada biyu suka taso daga Tarabulus da niyyar isowa wurin Mai na Borno. Hanya ta karkata da su ta Agadas, suka sauka Katsina, a can ajali ya riske su a 1711, ba su ga Borno da idonsu ba. Daga nan aka yi dogon shiru.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba. Saboda haka aka taƙaita 'yan mishan, ba a barinsu su yi wa'azi yadda suke so a cikin biranen Musulmi. A 1907, shekarar da Shehu Bukar Garbai ya dawo da gadon sarauta nan Yerwa, a shekarar ce fada na Katolika suka kafa zangonsu a Shendam. Kun ga ke nan tun farko hanya ta rabu biyu. Makarantun mishan suka bunƙasa a Filato da kudancin Zariya da Adamawa da kudancin Borno, irin su Garkida inda wata ɗarikar Kirista ta sauka a 1923, da kuma sabon gari na manyan birane. Mu kuma aka bar mu da 'yan makarantun En'e da Kwalejin Katsina, wadda ba ta ɗaukar yara sai ƙalilan.

A ɓangarenmu na arewa maso gabas, fada 'yan ƙasar Ailan na ƙungiyar Agustin ne suka riƙe aikin, sun sauka Adamawa wajen 1940. A 1953 aka ware Maiduguri ta zama yankin mishan mai zaman kansa, a 1966 kuma aka naɗa mata bishop na farko, Timothy Cotter. Yankin nasu ya haɗa Borno da Yobe da arewacin Adamawa. Su ne suka gina sakandaren Villanova a Numan, kuma cocin nan yana da makarantar St. Joseph a Shuwa ta ƙasar Madagali, inda yara maza ke karatun sakandare tare da shirin zama fada. A Kaduna akwai Queen of Apostles ta 'yan mata a Kakuri tun 1940, da St. John's ta maza tun 1949. A Kano kuwa sista-sista na St. Louis sun iso a 1948, makarantarsu ta Bompai tana nan har yau, kuma 'ya'yan Musulmin Kano da yawa sun bi ta cikinta.

Gudun da kakanninmu suka yi wa waɗannan makarantu ba na jahilci ba ne, kada wani ya raina musu wayo. Ɗan mishan bai baro ƙasarsu don ya koyar da lissafi kawai ba, ya zo ne yaɗa addininsa, kuma bai ɓoye ba. Makaranta ita ce babbar ƙofarsa. A ƙauyuka da dama yaro ya shiga da suna ɗaya ya fito da wani. Bahaushen da ya baro Kano ko Katsina ko Damagaram ya zo fatauci, ya zauna baƙo a ƙasar Barebari, ba shi da wata dukiya da ta wuce addininsa da 'ya'yansa, don haka ya riƙe su gam. Sai dai riƙon ya zo da tsada. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, aka buɗe ofisoshi da bankuna, akawu da ma'aji da nas yawancinsu ba daga unguwarmu suka fito ba. Mu ne masu kaya, wasu ne masu rubuta rasit.

To, me ake yi a cikin makarantar Fada da har take fitar da irin waɗannan? Mun zauna da dattawan da suka yi ta, Kirista da Musulmi, masu zuwa ciniki rumfunanmu, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ƙararrawa ce ke mulki. Ita ke tashin yaro kafin gari ya waye, a yi shara, a yi wanka, a shiga coci addu'ar safe, sannan aji. Bayan abincin rana a ɗan kwanta, da la'asar a fita gona ko filin ƙwallo, da dare a koma aji bitar karatu, ba hira ba motsi. An raba yara gida-gida, kowane gida da sunan wani waliyyinsu, ana gasar tsabta da guje-guje da muhawara tsakaninsu. Manyan ɗalibai ke kula da ƙanana. Babban sirrin kuwa, Fada ko Sista ba su da iyali, gidansu yana cikin harabar makaranta. Shi ne shugaba, shi ne malamin aji, shi ne mai zagaya ɗakin kwana da tocila tsakar dare. Gwamnatin Jihar Arewa tana ba su tallafi, iyaye suna biyan kuɗin makaranta, coci yana cike giɓi, kuma akwai mutum ɗaya da za a tuhuma in abu ya lalace.

Da muka ji wannan sai muka ce, ashe ai tsangaya ce aka sa wa kwano da benci. Borno ce uwar tsangaya. Alaramma yana kwana inda almajiransa ke kwana, ya tashe su karatun asuba, da dare a kewaye wutar kara ana tilawa, da damina a shiga gonar malam, gardi yana kula da ƙolo. Zama da yaro dare da rana, da tsare lokaci, da malamin da ya ɗauki aikin ibada, duk mun san su tun kafin a haifi kakan Fada.

Game da yaran Musulmi a ciki, ba tsari ɗaya aka bi ba. A wasu makarantun an ɗauke musu shiga coci, an ba su wurin salla, ana ajiye musu abincin sahur da buɗa baki. A wasu kuma kowa sai ya halarci addu'a, ko da zai yi shiru. Cocin da kansa ya sauya harshe a 1965, lokacin da babban taronsu na Batikan ya fitar da matsaya ta girmama Musulmi. Doka ma ta shigo. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadarsa in ba nasa ba ne ko iyayensa ba su yarda ba. Sashen kuma ya bar wa kowace al'umma damar koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyi. Kariya ce ga 'yarmu a makarantarsu, kariya ce kuma ga ɗansu a tamu.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnatocin soja suka shiga karɓe makarantun mishan. A Jihar Arewa ta Tsakiya, mai mulki a lokacin ɗan Borno ne, Birgediya Abba Kyari, ba wanda ya yi aiki a fadar shugaban ƙasa kwanan baya ba. A 1972 St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Villanova ma ta koma hannun hukuma. Alherin da ke ciki a fili yake: ƙofa ta buɗe wa kowa, an samu masallaci da malamin addinin Musulunci, uba ya daina fargaba. Amma a 1976 aka kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, mu sa'o'in nan muna cikin yaran da aka kwasa, ɗalibai suka ninka, malamai ba su ninka ba. Shugaban makaranta ya zama ma'aikaci mai jiran canjin wurin aiki. Kayan gwamnati kuwa kun san yadda muke yi da shi. Da makarantun hukuma suka yi rauni, coci ya koma gina nasa na kuɗi, Musulmi ma suka gina nasu, aka dawo inda aka fara.

Akwai shafin da ba ma son buɗewa, amma tarihi ba ya cika sai da shi. Mun ga tarzomar Bulumkutu a 1982. Mun ga ranar 18 ga Fabrairu 2006, da zanga-zanga ta rikiɗe aka ƙona coci-coci a garin nan, aka kashe mutane har da Fada Michael Gajere. Wannan abin kunya ne, ba addini ba. Sannan fitinar da ta ɓarke a Yulin 2009 ta zo ba ta tambayi sunan makaranta ba. Ta kashe Malam Bashir Kashara a 2010. A ranar 25 ga Fabrairu 2014 ta kashe yara a kwalejin tarayya ta Buni Yadi, a cikin makon nan kuma ta kai wa makarantar St. Joseph ta Shuwa wuta. A Maris aka rufe makarantun gwamnati a Borno, a 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan matan Chibok. Azuzuwan garin nan suka zama masaukin 'yan gudun hijira, yaranmu suka daɗe a gida. Ko ruwan Alau na Satumbar 2024, da ya shiga kasuwarmu, ya shiga fadar Shehu, bai tsallake cocin St. Patrick ba.

Yanzu ga amsarmu ga masu gardama. Ba mu ce kowa ya kai ɗansa makarantar Fada ba, ba mu kuma kafirta wanda ya kai ba. Uban da ya yi niyya, ya je da ƙafarsa ya tambayi shugaba abu uku: za a tilasta wa yarinya shiga coci ko darasin addininsu? Za a bar ta ta yi salla a kan lokaci? Yaya batun suturarta? In amsa ba ta gamsar ba, ya ɗauke ta. In ta gamsar, to nauyi ya ƙaru a kansa, bai ragu ba: Islamiyyar yamma ba fashi, kuma shi da uwarta su riƙa jin haddarta da kunnensu. Mun fi natsuwa da jeka-ka-dawo a kan ta kwana.

Amma babbar tambayar tamu ce. Me ya kori ɗan uwanmu daga makarantunmu? Mun san Islamiyyar da malamanta suka yi wata uku ba albashi, mu iyayen muna wucewa ta ƙofarta da sabuwar shadda. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a garin nan a 2007, ta karɓi 'ya'yan kowane ɓangare, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 2017. Mutum ɗaya ke nan. Mu fa, unguwa guda mai cike da 'yan kasuwa?

Muna roƙon mai unguwa da limamai da shugabannin layukan kasuwa su kira zama. Kowace rumfa ta yanka abin da za ta iya duk wata, a fara da albashin malamai kafin a yi maganar bulo, a samo shugaba mai amana a ba shi gida a jikin makaranta, a riƙa karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a. Wanda ya zagi mai atamfa, muna sa ran ganin sunansa a farkon takardar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da Borno lafiya. Amin.