Ranar da Monk ya ari kiɗan Ellington

A shekarar 1955, Thelonious Monk yana da suna a tsakanin makaɗan jaz na New York, amma aiki ya yi masa wuya. Tun 1951 'yan sanda suka ƙwace katinsa na izinin wasa a gidajen da ake sayar da barasa, bayan an sami ƙwaya a motar da yake ciki da abokinsa Bud Powell, shi kuma ya ƙi tona abokin. Faya-fayansa a kamfanin Prestige ba sa shiga kasuwa. Ana cewa piyanonsa karkatacce ne: yakan yi shiru inda ake jiran sauti, ya danna maɓallai biyu maƙwabta har su yi tsami a kunne.

Sai wani ƙaramin kamfani, Riverside, na Orrin Keepnews da Bill Grauer, ya fanshi kwantiraginsa a kan dala 108 da 'yan canji. Dabararsu ita ce Monk ya ajiye nasa kiɗan tukuna, ya buga na Duke Ellington da kowa ya sani, ko jama'a sa daina tsoronsa. A Yulin 1955 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a Hackensack, tare da Oscar Pettiford a bas da Kenny Clarke a ganguna. Suka ɗauki kiɗa takwas, ciki har da "Mood Indigo" da "Caravan".

Wasu sun ɗauki faifan tamkar an sa wa Monk linzami. Ni ban ga haka ba. Gidansu ɗaya da Ellington: dukansu sun sha daga salon piyanon Harlem na James P. Johnson, inda hannun hagu ke tsalle tsakanin ƙasa da tsakiya, kuma shi kansa Ellington dukan piyano yake kamar ganga. A saurari "Solitude", wanda Monk ya buga shi kaɗai. Bai ɓata karin ba ko kaɗan, sai dai yana jinkirta kowace gaɓa kamar mai tafiya a duhu yana laluben bango, har kaɗaicin da ke cikin sunan ya fito fili.

Sai a faifansa na uku, Brilliant Corners, Riverside ta sakar masa mara ya buga nasa. Ya fito a 1957, shekarar da aka mayar masa da katinsa, ya kama wasa a Five Spot tare da John Coltrane.