Yadda ake nemo direbobin da suka ɓace bayan an sake ɗora wa kwamfuta Windows

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake aiki da su a Sokode da Dapaong na hannu ne. Sun yi aiki a ofisoshin Turai ko Amurka, suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, sannan aka hauro da su arewa. An fi ganin irin su HP EliteBook da ProBook, da Dell Latitude, da Lenovo ThinkPad, kuma ba kasafai suke zuwa da faifai ko takardar bayani ba. Idan kwamfutar ta yi nauyi ko ƙwayar cuta ta shige ta, maganin da aka saba shi ne a goge komai a sake ɗora mata Windows, abin da masu gyara ke kira fomatin.

Bayan fomatin ne wata matsalar ke kunno kai. Alamar Wi-Fi ta ɓace, sauti ya ɗauke, hasken allo ya ƙi raguwa, rubutu ya yi manya-manya. Mai kwamfutar sai ya ɗauka ta lalace, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau, direbobi ne kawai babu. Sokode na da nisan kimanin kilomita 340 daga Lome, Dapaong kuwa fiye da kilomita 600, don haka mayar da na'ura wurin masu gyara a Déckon asarar kuɗi ce da ta kwanaki ga ɗalibi ko malami ko ɗan kasuwar da aikinsa ke cikinta. Galibin wannan gyara ana iya yin sa a gida da wayar hannu da kebul ɗinta.

Mene ne direba?

Direba, wanda Faransanci ke kira pilote, ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da wani sashe na kwamfuta. Katin Wi-Fi da nasa, katin sauti da nasa, haka katin hoto da kyamara da wurin shafa yatsa mai motsa kibiya. Kamfanin da sunansa ke jikin murfin kwamfutar ba shi ne ya ƙera duk sassan ba. A cikin HP guda ɗaya ana iya samun katin hoto na Intel, katin sauti na Realtek, da wurin shafa yatsa na Synaptics.

Windows yana zuwa da direbobi masu yawa a cikinsa, amma ba na kowane sashe ba. Waɗanda kamfanin ya ɗora tun daga masana'anta suna zaune ne a kan faifan ajiya, kuma fomatin yana tafiya da su tare da komai.

Inda ake ganin abin da ya ɓace

Tunda Windows na Faransanci aka fi ɗorawa a Togo, sunayen da ke ƙasa su ne waɗanda ake gani a allo. Ana danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc, sai Gestionnaire de périphériques ya buɗe. Duk sashen da ba shi da direba yana fitowa a ƙarƙashin Autres périphériques, da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a jikinsa. Idan aka buɗe shi za a ga an rubuta Code 28, wato ba a ɗora masa direba ba.

Sunayen da Windows ke bai wa waɗannan sassa na wucin gadi ne, amma suna nuna hanya. Contrôleur réseau yawanci katin Wi-Fi ne. Contrôleur Ethernet ramin kebul ɗin intanet ne. Contrôleur de bus SM yana neman direban chipset, wato kwakwalwar da ke haɗa sassan babban allon ciki. Contrôleur PCI de communications simplifiées galibi Intel Management Engine ne. Périphérique système de base sau da yawa ramin karanta katin memori ne. Akwai kuma wanda ba ya nuna alamar gargaɗi: idan a ƙarƙashin Cartes graphiques aka ga Carte vidéo de base Microsoft, to katin hoto yana tafiya ne da direban aro, shi ya sa hasken allo ba ya raguwa, ramin HDMI ma kan ƙi aiki.

Lambar da kowane sashe ke ɗauke da ita

Sanin samfurin kwamfuta kaɗai bai isa ba. Kamfani kan fitar da samfuri ɗaya da katunan Wi-Fi iri uku ko huɗu, kuma a na'urar da ta bi hannaye da yawa mai yiwuwa an taɓa sauya katin. Abin da ke raba gardama shi ne lambar da aka ƙera sashen da ita, wadda Windows ke iya karantawa ko da babu direba.

Ana danna sashen sau biyu, a shiga Détails, a zaɓi Numéros d'identification du matériel. Za a ga layi mai farawa da PCI\VEN_ sai haruffa huɗu, sannan DEV_ da wasu huɗu. Na bayan VEN suna nuna kamfanin da ya ƙera sashen, na bayan DEV suna nuna ainihin sashen. Lamba 8086 ta Intel ce, 10EC ta Realtek, 14E4 ta Broadcom, 168C ta Qualcomm Atheros, 14C3 ta MediaTek, 10DE ta NVIDIA, 1002 ta AMD. Sassan da ke bi ta USB, irin su kyamara da Bluetooth da na'urar karanta zanen yatsa, nasu layin yana da VID da PID, kuma karatun iri ɗaya ne: 0BDA ta Realtek ce, 8087 ta Intel, 138A ta Validity mai na'urar zanen yatsa.

Sashen da ya fi wahalar da mutane shi ne wanda aka rubuta wa Périphérique inconnu, mai layi da ke farawa da ACPI. Waɗannan na kamfanin kwamfutar ne. HPQ0004 da HPQ6007 na HP 3D DriveGuard ne, abin da ke kare faifai idan kwamfuta ta faɗi. SMO8800 da SMO8810 irin wannan aiki suke yi a Dell. VPC2004 da LEN0068 na kula da wuta da batir ne a Lenovo. Idan aka kwafe layin zuwa ƙarshen lambar DEV ko PID aka nema a intanet, sunan sashen zai fito.

A fara da intanet

Babban cikas shi ne direban Wi-Fi yana intanet, kwamfutar kuma ba ta iya shiga intanet sai da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce wayar Android. Ana haɗa ta da kwamfutar ta kebul mai ɗaukar bayanai, domin wasu kebul ɗin caji kawai suke yi, a kunna data, sannan a kunna Partage de connexion via USB a saitunan wayar. Windows 10 da 11 suna da direban wannan haɗi a cikinsu, don haka intanet ɗin Yas, wanda a da ake kira Togocom, ko na Moov Africa yana shiga kai tsaye.

A nan sai an yi hattara da data. Windows yana ɗaukar wannan haɗi kamar kebul na ofis, sai ya fara sauke sabuntawa masu nauyi har kunshin data ya ƙare. Wanda datarsa ba ta da yawa sai ya kunna Connexion limitée a saitunan haɗin, ya sauke abin da yake buƙata da hannu. Wata hanyar ita ce a sauke direban a kan wayar ko a shagon intanet, a kwafo shi a filas. Direban Wi-Fi ba ya cika nauyi, amma na katin hoto yakan kai ɗaruruwan megabait.

Inda ake ɗauko direba

Wuri na farko shi ne Windows Update. Bayan sabuntawar da yake yi da kansa, akwai Mises à jour facultatives, inda yake jera direbobin da ya gano ba tare da ya ɗora su ba. A Windows 11 yana cikin Options avancées.

Na biyu shi ne shafin tallafi na kamfanin kwamfutar. Dell yana neman Service Tag, haruffa da lambobi guda 7 da ke ƙasan na'urar. HP da Lenovo suna neman lambar siriyal ko sunan samfurin. Idan takardar da ke manne ta goge, umarnin msinfo32 yana nuna samfurin, kuma BIOS yana nuna siriyal. Idan shafin ya jero katunan Wi-Fi da yawa, lambar VEN ce ke nuna wanda za a ɗauka.

Na uku shi ne shafin wanda ya ƙera sashen, kamar Intel ko AMD ko NVIDIA. Na huɗu shi ne Microsoft Update Catalog, inda ake iya nema da lambar VEN da DEV kai tsaye. Abin da aka sauke daga nan ba ya ɗora kansa. Sai an buɗe shi a cikin jaka, a koma Gestionnaire de périphériques, a zaɓi Mettre à jour le pilote, a nuna wa Windows jakar.

Jerin ɗorawa ma yana da muhimmanci. Bayan intanet, a fara da chipset, sai Management Engine, sai katin hoto, sai sauti, sai wurin shafa yatsa da maɓallan Fn, ana sake kunna kwamfutar duk lokacin da ta nema. Idan tana da katin hoto biyu, na Intel ake fara ɗorawa kafin na NVIDIA. Idan sabon direba ya kawo matsala, Restaurer le pilote yana maido da na baya.

Shafukan da ke cike da manyan maɓallan saukewa, da manhajojin da ke cewa sun gano direbobi masu yawa da suka tsufa sannan su nemi kuɗi, abin gudu ne. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, don haka gurɓatacce yana iya buɗe ƙofa ga ɓarayin bayanai ko ya jawo shuɗin allo. Kamfanonin kwamfuta ba sa sayar da direba, kyauta suke bayarwa. Haka kuma tsohon faifan tarin direbobi da ke yawo daga shago zuwa shago yana iya ɗora wa sashe direban da ba nasa ba.

Tsohuwar na'ura, sabon Windows

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wanda ya fito a ranar 5 ga Oktoba 2021, yana neman TPM 2.0 da kwakwalwar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko takwararta ta AMD, kuma 64 bit ne kawai. Tsofaffin kwamfutocin ofis da yawa ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma shafin kamfaninsu ya tsaya a Windows 7 ko 8.1 ko 10. A irin wannan hali direban Windows 10 yakan yi aiki a 11, na 8.1 ko 7 kuma yakan yi aiki a 10, muddin an dace da 32 bit ko 64 bit.

Sabbin na'urori ma da tasu matsalar. A wasu masu kwakwalwar Intel ta ƙarni na 11 zuwa sama, faifan SSD ba ya bayyana a lokacin ɗora Windows. Faifan bai mutu ba, direban Intel Rapid Storage ake buƙata a filas, a nuna shi ta Charger un pilote. Wanda kuma ya ɗora Windows 7 a na'ura mai ramukan USB 3.0 kaɗai zai tarar filas da linzami ba sa aiki, domin Windows 7 bai zo da direbansu ba.

Abin da ba laifin direba ba ne

Idan sashe bai fito ko kaɗan a Gestionnaire de périphériques ba, ko da a matsayin wanda ba a sani ba, to Windows bai gan shi ba. A duba ko an kashe shi a BIOS, wanda ake shiga da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ko kuma da maɓallin Wi-Fi na gefen na'urar. Idan duk a kunne suke, mai yiwuwa katin ya saki ko ya ƙone, sai mai gyara ya buɗe. Kwamfutar da ke mutuwa da kanta a zafin Maris da Afrilu na yankin Savanes, ƙurar hunturu ce ta fi yiwuwa ta toshe mata fanka. Madannai masu rubuta Q idan an danna A kuwa saiti ne: na'urar QWERTY ce aka ɗora wa tsarin AZERTY ko akasin haka, kuma a saitunan harshe ake gyarawa.

Kafin a yi fomatin

Duk wannan wahala ana iya kauce mata da ƴan mintuna kafin a goge komai, matuƙar tsohon Windows yana tashi. A saka filas, a buɗe jaka mai suna pilotes a cikinsa, a buɗe Invite de commandes a matsayin administrateur. Idan filas ɗin harafin E ya samu, sai a rubuta:

dism /online /export-driver /destination:E:\pilotes

A madannan AZERTY ana samun alamar \ da AltGr da 8. Umarnin yana kwashe duk direbobin da ba na Microsoft ba zuwa jakar. Bayan an ɗora sabon Windows, wannan umarni yana mayar da su:

pnputil /add-driver E:\pilotes\*.inf /subdirs /install

Wanda ya riga ya sake ɗorawa ba tare da ya goge faifan ba, ya duba ko akwai jakar Windows.old. Tsofaffin direbobi suna cikinta, a Windows\System32\DriverStore\FileRepository, kuma ana iya nuna wa Mettre à jour le pilote wannan wuri. A kwafe ta da wuri, domin bayan ɗaukaka tsari Windows yakan share ta cikin kwana 10. Masu HP kuma su duba jakar SWSetup.

Mai kai kwamfuta shago a Sokode ko Dapaong yana da haƙƙin ya nemi a kwashe masa direbobi kafin a taɓa ta, a ba shi a filas ɗinsa. Ranar karɓa kuma ya buɗe Gestionnaire de périphériques a gaban mai gyaran, ya tabbatar babu alama mai ruwan ɗorawa, ya gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da hasken allo, sannan ya biya.